Jagorar tara duwatsun ma'adinai a Kumasi: gwaji, ciniki da ajiya

Dutse ɗaya kasuwa biyu gare shi. Akwai masu saye don a yanka, a goge, a ɗora kan zobe. Su launi da tsaftar ciki suke nema, kuma da giram ko karat ake auna musu, karat 5 ne giram ɗaya. Akwai kuma masu tarawa, waɗanda ke son dutsen yadda Allah Ya halicce shi: fuskokinsa cikakku, kansa bai karye ba, in da hali yana zaune kan uwar dutsen da ya tsiro a kai, kuma an san ramin da ya fito. Wannan jagora ta masu tarawa ce. Yawancin masu haƙa da dillalai a yankinmu kasuwar farko suka sani, don haka da sun ciro turmalin, wani dogon dutsen ado mai launuka, sai su sa filaya su ɓalle kan, su farfasa uwar dutsen su zubar, su kawo maka guntun tsakiya. Abin da suka zubar ɗin shi ne mafi yawan darajar a wurin mai tarawa. In kana da dillalin da kake hulɗa da shi, maganar farko da za ka gaya masa ke nan: Alhaji, kada a fasa, kada a wanke, a kawo yadda ya fito, a faɗa mini garin.

Doka tukuna

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa ko cikin ruwa mallakar ƙasa ne, amana a hannun Shugaban Ƙasa, ko da a gonar gadonka aka same shi. Dokar ma'adinai ta 2006 mai lamba 703 ta hana sayarwa ko fitar da ma'adini waje ba tare da lasisi ba, kuma gyaran da aka yi mata a 2019 ya kai hukuncin saye da sayarwa ba lasisi ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Tun 2025 cinikin zinariyar ƙananan masu haƙa ya koma hannun hukumar GoldBod, wadda ta gaji PMMC, kamfanin gwamnati na cinikin ma'adinai masu daraja. Ɗanyen daimon kuwa ba ya ƙetare iyaka sai da takardar tsarin Kimberley, yarjejeniyar ƙasashe ta hana cinikin daimon ɗin yaƙi, da aka fara aiki da shi a 2003.

Shawararmu ga sabon shiga ita ce ya bar ɗanyar zinariya da ɗanyen daimon kwata-kwata. Nan ne hukuma ta fi sa ido, nan ne kuma 'yan damfara suka fi yawa. Wanda ya yi niyyar mayar da abin sana'a, ko zai aika wa wani dutse a waje, ya fara zuwa Hukumar Ma'adinai ya ji sharuɗɗa. Abin da ka sayo daga wata ƙasa kuma ka adana rasit da takardar kwastan.

Abin da ke kusa da abin da ake kawowa

Ƙasar Ghana ta fi arzikin ma'adinin masana'anta fiye da duwatsun nuni, gara a san wannan. Duk da haka akwai abin tarawa. A yankin Obuasi, kamar kilomita 60 kudu da Kumasi, inda kamfani ke haƙar zinariya tun 1897, farin kwaz (quartz a Turance) yana fitowa tare da fairait mai ruwan tagulla da asenofairait mai launin azurfa, siriri kamar allura. A Nsuta kusa da Tarkwa akwai manganis, kuma akwai ma'adinin da aka raɗa wa sunan garin a 1962, nsutait. Baƙi ne, ba ya ƙyalli, ba wanda zai waiwaye shi a hanya, amma masu tarawa suna daraja dutsen da ya fito daga ainihin wurin da aka fara bayyana shi. Tsakanin Saltpond da Winneba akwai jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi, inda ake samun beril, baƙin turmalin da maika, kuma a Ewoyaa ne aka gano sifodumin mai ɗauke da litiyam. A kwarin fasa dutse na yankin Shai Hills, baƙin dutsen gini yana ɗauke da jajayen ƙwayoyin ganet. Duk waɗannan wurare suna da masu su, ba a shiga sai da izini, ramin galamse kuwa, wato na masu haƙar zinariya ba bisa doka ba, ba wurin neman dutse ba ne.

Tafkin Bosumtwi, kudu maso gabas da Kumasi, rami ne da dutse daga sama ya haƙa shekara kamar miliyan 1.07 da suka wuce, faɗin bakinsa ya kai kilomita 10.5. A kewayensa ana samun dutsen da ya farfashe ya narke ya sake haɗewa. Amma wanda ya kawo maka baƙin ƙarfe mai ramuka ya ce guntun tauraron Bosumtwi ne, kashin maƙera ya kawo. Dutsen sama na gaske kusan ba ya da ramukan kumfa a jikinsa.

Kyawawan na nuni galibi baƙi ne. Daga Najeriya ake kawo tofaz da akwamarin na tsaunukan Jos da Nasarawa, jan turmalin da ganet mai ruwan lemo na jihar Oyo, shuɗin safaya na Mambila. Daga yankin Kayes na Mali ake kawo firenait, ƙwallaye masu ruwan ɗanyen ganye, sau da yawa da baƙin efidot a maƙale. Malakait na Katanga ne a Kongo, jan banadinait na Mibladen ne a Maroko, manyan ametis, wato kwaz mai ruwan shunayya, na Birazil ne ko Yurugwai. Sanin wane dutse ke fitowa daga ina shi ne gwajin farko, tun kafin ka taɓa shi. In an ce maka tanzanait ne daga Burkina, ka san ba haka ba ne, domin a Merelani ta Tanzaniya kaɗai ake haƙarsa.

Ƙungiyar masana ma'adinai ta duniya ta amince da nau'i sama da 6,000. Ba wanda zai tara su duka. Zaɓi layi ɗaya, ko ma'adinan Ghana, ko na Afirka ta Yamma, ko dangin kwaz, ka tsaya a kai. Ƙananan samfuri, masu santimita 3 zuwa 5, sun fi sauƙin kuɗi da ajiya, kuma a cikinsu aka fi samun marasa rauni.

Kayan aiki

Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da maƙeran zinariya. Sikelin lantarki mai auna 0.01 na giram, wanda ke ɗaukar giram 500. Tocila mai ƙarfi, da ƙaramar tocilar UV irin ta duba takardar kuɗi. Guntun farin tayil mai bayan da ba a goge ba, guntun gilashin taga, wuƙar aljihu, wayar jan ƙarfe, guntun kwaz, da maganaɗisu na tsohuwar sifika. Sai asiton, wato ruwan goge jan farce, zare, auduga, rula da littafi. Duka bai kai kuɗin dutsen bogi ɗaya ba.

Gwajin, ɗaya bayan ɗaya

Fara da ido, a hasken rana a inuwa, dutsen a bushe. Ruwa da mai suna ɓoye tsaga da ƙarce, shi ya sa wasu ke shafa man jarirai ko su tsoma a ruwa kafin su nuna maka. In ya yi santsi a hannu ko ya bar tabo a takarda, a wanke da sabulu a shanya, ka dawo gobe.

Sai siffa. Kwaz gefe 6 gare shi, kansa da tsini, kuma siraran layuka suna kwance a gicciye a jikinsa. Turmalin layukansa a tsaye suke, suna bin tsawonsa, in ka leƙa ta kai za ka ga kusurwa uku mai kumburi. Beril da akwamarin gefe 6 ne su ma, amma kai yakan zama shimfiɗaɗɗe. Ganet dunƙule yake, fuska 12 ko 24. Fuskar halitta tana da 'yan tudu da matakai in ka duba da gilashi. Wadda aka goge da inji sumul take, da ƙarce masu bin hanya ɗaya, gefunanta kuma sun dakushe. Yawancin dogayen duwatsu masu tsini da ake tallatawa a Instagram yankawa aka yi daga dunƙule. Ba laifi ba ne a saye su don ado, sai dai ba samfuri ba ne, kada a biya kuɗin samfuri.

Haska tocila ta baya ka duba ciki. Kumfa zagayayyiya da layuka masu murɗewa alamar gilashi ce. Wanda yake son idonsa ya saba da gilashi ya je kasuwar duwatsun ado ta Koforidua ranar Alhamis. A can ana sayar da na mutanen Krobo da sunansu na gaskiya, garin kwalba ne aka gasa, ga kuma na boksait da ake yi a Abompe, sai ya kwatanta.

Sannan tauri. Ma'aunin Mohs na 1812 ya tashi daga 1 zuwa 10: farce 2.5, kalsait 3, jan ƙarfe kamar 3, fulorait 4, wuƙa da gilashi wajen 5.5, kwaz 7, tofaz 8, safaya da yaƙutu 9, daimon 10. Da dutsen ake karce gilashin, a ɓoyayyen gefe, kuma da izinin mai kaya. Goge wurin da yatsa mai danshi, in layin ya ɓace to gari ne dutsen ya bari, bai karce ba. Kuskuren da ya fi cin mutane kuɗi shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya yanki gilashi daimon ne. Kwaz ma yana yanka, tofaz ma haka, ganet ma haka. Na'urar gwajin daimon mai auna zafi ita ma tana amsawa ga moisanait, wanda a masana'anta ake yin sa.

Ga masu ƙyallin ƙarfe, goga a bayan tayil ka ga launin layin. Fairait yana barin baƙi mai ɗan kore, zinariya rawaya, hematait ja mai duhu. Zinariya in ka danna ta da allura lotsawa take yi, fairait kuwa marmashewa yake.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na nauyi a ruwa, kuma bai fi minti biyar ba.

1. Auna dutsen a bushe, rubuta lambar.
2. Ɗora ƙaramin kofin roba mai ruwa a kan sikeli, danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri.
3. Ɗaure dutsen da siririn zare, riƙe zaren ka nutsar da shi gaba ɗaya, kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Rubuta lambar da ta fito.
4. Raba lambar farko da ta biyu.

In dutse ya yi giram 21.2 a bushe, ya nuna 6.0 a ruwa, sakamakon 3.53 ne, wato tofaz. Da kwaz ne da zai ba da 2.65. Gilashin kwalba wajen 2.5, beril 2.7 zuwa 2.8, turmalin 3.0 zuwa 3.2, fulorait 3.18, safaya 4.0, fairait 5.0, galina 7.5, tagulla wajen 8.5, tsantsar zinariya 19.3. Abubuwan da ke ɓata lissafin sanannu ne: kumfar da ta maƙale a jikin dutse, fanka na kaɗa sikeli, hannu na rawa, ko dutsen ya yi ƙanƙanta, ƙasa da giram 2, inda kuskuren 0.02 ke canza amsa. Ba ya aiki kuma ga dutsen da ke kan uwarsa, tunda nauyin abu biyu kake aunawa. Lura cewa tofaz da daimon nauyinsu kusan ɗaya ne, 3.5, shi ya sa farin tofaz ɗin da aka sassaƙa yake yawan shiga a matsayin ɗanyen daimon. Safaya tana karce tofaz, ba ta karce daimon.

In kuɗin ya yi nauyi, kada ka tsaya a gwajin gida. Akwai sashen ilimin duwatsu a jami'ar KNUST nan Kumasi, akwai jami'ar ma'adinai ta Tarkwa, akwai Hukumar Binciken Ƙasa wadda tushenta ya faro tun 1913. Mai kayan da ya ƙi a kai dutsensa gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Algus da aka fi yi

Gam ne kan gaba. Ana ɗauko ƙwaya mai kyau a manna a kan wata uwar dutse, a rufe bakin da garin dutse. Duba gindin ƙwayar da gilashi. In ka ga wani zobe mai sheƙi, ko yashi ya taru a wurin kaɗai, haska UV, yawancin gam yana haske fari ko shuɗi. Ɗigon asiton yana sa shi yauƙi. Dutsen da ya karye aka mayar da shi mazauninsa ana karɓarsa a wannan harka, muddin an faɗa kuma an rage kuɗi.

Rini na biye. Jiƙa auduga da asiton ka goga a ɓoyayyen wuri. Aƙiƙ mai shuɗi ko hoda mai kashe ido rinanne ne, za ka ga launin ya taru a cikin tsaga. Farin haulait da aka rina shuɗi shi ake sayarwa a matsayin fairuz, taurinsa 3.5 ne kawai, wuƙa tana shigarsa nan take. Sitirin, wato rawayan kwaz, mai ruwan lemo ƙonanne da farin gindi, ametis ne aka gasa a tanda, na halitta ruwan zuma ne mai haske kuma launin ya bazu ko'ina. Malakait na roba ba shi da nauyi ko sanyi a hannu, layukansa baƙi ƙirin ne, na gaske kuwa kore ne mai duhu da mai haske, sakamakonsa a gwajin nauyi a ruwa kusan 4. Kwaz mai ƙyallin bakan gizo fenti ne na ƙarfe. Bismut mai matakala da launuka, da ƙwayoyin alif masu launi, a tukunya ake haɗa su, na alif ɗin ma ruwa na narkar da su.

Ciniki

Kafin ka taya, duba shafin Mindat, rumbun bayanan ma'adinai a intanet, ka ga hotunan wannan ma'adini daga wannan wuri, sannan ka nemi guda uku makamantansa da aka riga aka sayar a eBay. Farashin da aka saya za ka duba, na talla kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne cikar kai, sheƙi, launi, zama kan uwa, da tabbacin wuri. Ɗan ɓalli a kan tsini yana karya farashi sosai, ɓalli a baya inda ba a gani bai kai haka ba. In an kawo buhu an ce sai dai a saya gaba ɗaya, zazzage shi ƙasa, ware waɗanda kake so, ka yi lissafin kuɗin buhun a kansu kaɗai. Na saman buhu kullum su ne masu kyau. A yanke la'adar dillali tun kafin sallama.

Ta waya kuwa, ba a cinikin biri a sama. Nemi bidiyo a hasken rana, dutsen a bushe, ana juya shi ta kowane gefe har da baya, rula a kusa, da takarda mai kwanan watan ranar. Nemi nauyi da girma a rubuce. Kada ka tura kuɗi duka ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ga wanda ba ka da mai tsaya masa, a yi kafin alƙalami, ko a ajiye kuɗin wurin amintacce har kaya ya iso. Duk wanda ya fara maganar kuɗin takardu, kuɗin sojoji a hanya, ko jan makuri, wani sinadarin ƙarya na 'yan damfara, yanke wayar. In za a ɗoro a mota daga Akra ko Aflao, a naɗe kowane dutse daban da takardar bayan gida, a sa a kiret ɗin ƙwai ko kwali biyu, wani cikin wani. Kada a sa auduga a kan masu siraran allurai, tana sarƙewa ta karya su wajen cirewa.

Wanki da ajiya

Ruwa, sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa ga kwaz, turmalin, beril, tofaz da ganet. Jar ƙasar nan tamu tana barin tsatsa a jikin kwaz. Ana cire ta da ruwan asid na okzalik, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwan sama, a robar da ke da murfi, kwana 3 zuwa 7, da safar hannu, nesa da yara. Bayan nan a jiƙa a ruwa mai tsafta na tsawon kwanakin da suka fi na asid ɗin, ana canzawa kullum, in ba haka ba rawayan tabo zai dawo. Ruwan rijiya mai alli yana barin farin ɓawo mai wuyar fita. Kalsait da malakait ba sa shiga asid ko kaɗan, cinye su yake. Ruwan batir na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma ba abin wanke dutse ba ne. Fulorait da tofaz kada a zuba musu ruwan zafi, suna tsagewa.

Wasu duwatsun guba ne. Galina, wato dutsen tozali, dalma ce zalla da farar wuta, kuma ƙurar dutse mai dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Asenofairait yana ɗauke da asenik, in an buga shi da guduma yana warin tafarnuwa. Kada a niƙa, kada a lasa, a wanke hannu bayan taɓawa. Masu cewa a jiƙa dutse a ruwa a sha don magani, ku bar su da maganarsu.

Danshin Kumasi shi ne babban abokin gaba. Fairait da danginsa suna fara ruɓewa in danshin iska ya wuce kashi 60 cikin 100, wanda a damina kullum ne: farin gari ko rawaya ya fito, warin farar wuta ya tashi, takardar da ke ƙarƙashi ta ƙone. A sa su a roba mai rufewa ruf da ƙunshin silika jel, irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi, ana busar da shi lokaci-lokaci. Wanda ya fara ruɓewa a raba shi da sauran. Ametis, fulorait da kwaz mai ruwan hoda suna koɗewa a rana, kada a jera su a bakin taga. Da hunturu a rufe kabad, a hure ƙura da abin hura iska maimakon gogewa da tsumma, domin ƙurar tana da yashi mai taurin 7.

Kowane dutse a ba shi lamba ranar da ya shigo gida. Ɗiga farin fenti a ɓoyayyen gefe, ya bushe, ka rubuta lambar da tawada marar gogewa. A littafi, gaban wannan lamba, rubuta sunan ma'adinin yadda ake rubuta shi a duniya, rami ko ƙauye, gunduma, ƙasa, ranar saye, kuɗi, girma, nauyi, sakamakon gwaji, da duk gyaran da aka yi masa. In mai kaya bai san wurin ba, rubuta abin da ya faɗa ka sa alamar tambaya, kada ka cike da zato. Tsohuwar takardar da ta zo da dutse daga hannun wani mai tarawa ba a jefar da ita ko ta yage, a sa ta a ƙaramar leda saboda gara da kyankyaso, a ɗauki hotonta tare da dutsen da rula, a ajiye kwafi a waya da imel.